Zazzaɓin Ordinater ɗin Kawu Laminu

Ku da kuka san Kawu Laminu kun san ba ya gama gaisawa da mutum sai ya taɓa shi da bayan hannu. Ka miƙa masa hannu, shi kuma ya wuce hannun naka ya ɗora bayan yatsunsa a wuyanka, ya yi shiru, ya kalli sama, sannan ya ce, "Lahiya lau kake," sai ka ce kai ka tambaye shi. Shekarun da ya yi yana aikin duba dabbobi tsakanin Mayahi da Tasawa su suka bar masa wannan hali. Jaki, jariri, rediyo, ango ranar ɗaurin aurensa, ba wanda ya tsira. Akwai ranar da ya taɓa wuyan wani soja a bakin kasuwa. Mu muka ruga, shi ya tsaya yana gaya masa ya rage shan shayi. Shi yana kiran kansa likitan shanu, gari kuma ya ce Likitan Awaki. Bai taɓa yarda da sunan ba, kuma bai taɓa ƙin amsawa ba.

Tun da aka yi rasuwarsa kowa yake ba da nasa labarin. Ni Rabi, ɗiyar ƙanwarsa, nawa na ordinater ne, kuma yau sai na ba da shi daidai, don wanda ake bayarwa a tasha an ƙara masa gishiri har ya ƙi ciwuwa.

Ɗansa Sani ne ya aiko masa da ita daga Yamai bayan Kawu ya ajiye aiki. Tsohuwa ce, ta sha wuya a wani buro kafin ta iso: ƙaton akwati mai ruwan toka, da allo mai ƙeya. Kawu ya ba ta ɗakin tsakiya, ya ba ta tabur nata ita kaɗai, ya kafa doka: ba mai taɓawa. Jikoki daga bakin ƙofa suke leƙe. Matarsa Inna Hassu in za ta yi shara sai ta nemi izini. Da yatsa ɗaya yake buga abin da ya sani na cututtukan shanu, layi biyu a yini, in ya gaji ya buɗe wasan karta da ke cikinta. Na taɓa kama shi.

"Kawu, karta? Kai da ka hana mu?"

"Ba wasa nika ba," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba. "Motsa mata jini nika."

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake kwasar aiki daga wata na'ura zuwa wata. Sani ya gaya masa tana ɗauko birus, cutar na'ura, shi ke nan, Kawu ya gane cutar. Wani maƙwabcinsa mushe, wato malamin makaranta da muke cewa lakwal, ya zo wata rana da kile a hannu, yana roƙon a buga masa takarda ɗaya tak.

"Ina ta kwana jiya?" in ji Kawu.

"Wa?"

"Wagga aba. Cikin wace na'ura ta kwana?"

"Ai Baba, ta lakwal ɗinmu ce, sai kuma ta wani abokina."

"Garke biyu! Mushe, baƙuwar dabba ba ta shan ruwa a kwamina. Ka gai da gida."

Mutumin ya yi wata guda ba ya bi ta ƙofar gidan.

To, shekarar da nake faɗa kun tuna ta. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, rumbuna suka tashi fayau, kafin bazara ta kankama sojoji sun karɓi mulki. Aka yi shela za a raba cimaka, abincin agaji, amma sai kowane maigari ya kawo sunayen magidantansa a buge da na'ura, ba rubutun hannu ba, a miƙa wa kwamiti a Tasawa ranar Alhamis kafin azahar. Garin da sunayensa ba su shiga ba sai wani zagaye, wani zagayen kuwa ba wanda ya san ranarsa. Ni lokacin ina koyarwa a garinmu na asali, can wajen Hawandawaki, inda gonar Kawu take. Maigarinmu da na garuruwa biyu da ke kusa suka same ni suka ce, "Metiras, ke ce mai boko, kawunki kuma shi ke da na'ura." Ina bakin cewa a'a?

Na yi zaton Kawu zai ƙi. Sai ya ce, "Aikin Allah ne. Amma ki wanke hannu."

Ranar Lahadi masu garin suka iso. Kawu ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, ya ce numfashin mutum uku ya yi mata yawa. Ba takarda ko ɗaya a hannunsu. Da ka suke jerowa, gida bayan gida, daga gabas zuwa yamma yadda mutum zai bi lungu da ƙafa: wane ɗan wane, baki kaza, wance da mijinta ya tafi ci-rani, baki kaza. In ɗaya ya tsallake gida, ɗan'uwansa ya ce, "Ka manta makahon bayan masallaci." Tun hantsi muke abu ɗaya har la'asar sakaliya, ga zafin bazara, gumi har cikin ido. Muka gama, suka hau amalankensu suka kama hanyar rairayi. Sake tara su kuwa aikin mako guda ne, don biyu daga cikinsu daga nan neman dusa suka wuce.

Na riga na sayi sabuwar kile, tana cikin ledarta ban ɓare ba. Na ce, "Kawu, bari in kwashe yanzu, hankalina ya kwanta."

"Sai kin gama gyara duka. Sau ɗaya za ta shiga, ta hita, ba ta dawowa. Dabbar da ta tahi kasuwa ba ta komawa garke."

Na yarda. Wannan yardar ita ce wautata, kuma ban ɗora wa kowa ba.

Litinin da hantsi ina share sunan wani Abdu da na rubuta sau biyu, sai allo ya koma shuɗi shar, da fararen rubutun Faransanci reras daga sama har ƙasa. Kafin in karanta layin farko ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta kai rabin hanya, ta sake yin shuɗi. Na saki salati har Inna Hassu ta yar da tsintsiya.

Kawu ya shigo ba gaggawa. Ya ɗora bayan hannu a jikin akwatin. Ya yi shiru, shirun da ya fi na kullum tsawo. Sannan ya ce, "Zazzaɓi." Ya ciro karne, ɗan littafinsa na rubutu, da bik daga aljihu, ya zauna.

"Mi ta ci jiya?"

"Kawu, sunaye ta ci! Sunayen gari uku, kuma ba su ko'ina sai cikinta!"

"To, ba ta saba ba. Abinci mai nauyi." Ya rubuta.

A ƙasan shuɗin allon akwai wasu lambobi masu sifiri da yawa. Kawu ya ce sai ya kwafe su. Matsalar, allon ba ya tsayawa. Kafin ya gyara gilashinsa ya ɓace. Kowace faɗuwa sai ya kama harafi biyu ko uku, ya ce, "Sake tashe ta." Ni ina ta tashe ta, shi yana lissafin sifiri. Sau bakwai muka kayar da baiwar Allah kafin ya cika layinsa. Ya miƙe tsaye ya karanta mana shi da ƙarfi, ni da Inna Hassu, kamar mai karanta hukunci.

Na ce, "To, me yake nufi?"

"Ban sani ba."

"Haba Kawu!"

"Cutar da anka rubuta sunanta ta rage ƙarhi, ɗiyata. Tahi ki ci abinci."

Talata aka shiga killacewa. Kawu ya ce a garke in ba a san mai cutar ba, ɗaya bayan ɗaya ake warewa. Ya cire na'urar buga takarda, aka kai ta zaure. Ya tashe ta, yana riƙe da agogo. Shuɗi. Ya cire ƴan amsa-kuwwa guda biyu, aka kai su zaure. Shuɗi. Ya canza igiyar kuran, wato wutar lantarki, ya canza wurin da ake soka ta. Shuɗi. Duk yana rubutawa: da safe tana kai minti huɗu kafin ta faɗi, da rana ko biyu ba ta kaiwa. Da abin cirewa ya ƙare sai ya juya ya kalli rediyon Inna Hassu da ke kan taga.

"A hitar da wancan ma."

"Rediyona mi ya yi mata?" in ji Inna.

"Tun da anka fara sanarwar sojojin nan nika ganin ba ta da walwala."

Inna Hassu ta ɗauki rediyonta ta rungume. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Saura ni, Malam. In ka gama da kaya sai ka kai ni zaure."

"Ke ba a haɗa ki da waya ba," in ji shi, da gaske yake faɗa.

Da la'asar na shigo na tarar da shi da jiƙaƙƙen buhu yana ɗiga, zai lulluɓa wa akwatin. Na yi tsalle na riƙe buhun.

"Kawu, kuran ne! Za ka kashe ta ka kashe kanka!"

"Haka muke wa saniya."

"Saniya ba a soka ta a bango!"

Ya tsaya ya auna maganar, ya ga tana da hujja. Aka yi sulhu: buhu ya koma jikin taga, aka jawo randa biyu aka ajiye mata dama da hagu. Ni kuma na kira Sani a waya. Ya ce in ta fara tashi a yi ta danna wani maɓalli na sama, za ta ba da zaɓi, a zaɓi «mode sans échec», wato ta tashi da ƴan kayan aikinta na dole kawai, ba tare da lodin sauran ba. Ya ce a gwada da sanyin safiya. Ya kuma ce, "Rabi, in an ga ba dama a kira mai gyara ya buɗe ta." Na faɗa wa Kawu wannan na ƙarshen. Ya ce Sani tun yana yaro yake da gaggawa.

Laraba gari na wayewa muka jeru. Inna Hassu da faifai a dama, ni da faifai a hagu, muna fifita akwati sai ka ce amarya. Kawu yana danna maɓalli da yatsansa ɗaya, yana bismilla. Ikon Allah, ta tashi! Rubutu ya fito manya-manya, munana, amma ga takardar sunayen nan ina ganinta da idona. Na yar da faifai, na yage leda da haƙori, na kai kile bakin rami. Sai na ji an riƙe mini hannu.

"Rigakahi tukuna."

"Sabuwa ce, Kawu! A gabanka na ɓare ta!"

"Ɗan maraƙi ma sabo ne, ana yi mai allura."

Ya kama neman abin binciken birus ɗin da Sani ya zuba masa. Ya nan, ya can, gilashi a kan hanci. Ina cewa minti huɗu ne, yana cewa gaggawa aikin shaiɗan. Ya same shi ke nan, ya ɗaga yatsa zai danna, allo ya yi shuɗi.

Wallahi ban san sa'ad da na ɗauki mayafina ba. Kun san bakina. Da na tsaya da na faɗi abin da har yau zan riƙa jin kunyarsa. Na fita ban yi sallama ba, sai bakin tasha, shagon Illo mai gyara.

Illo kun san shi, ƙaton nan da ya koyo aiki a Maradi, wanda ko mura ka kai masa zai ce a formate. Ya shigo da jakarsa, ya durƙusa ya gai da Kawu, Kawu ya taɓa wuyansa ya ce ya rage mai. Illo ya tashe ta sau ɗaya, ya ga shuɗi, ya ce, "Baba, wannan sai dai a formate."

"Mi ke nan?"

"A goge duk abin da ke ciki, a sake zuba mata sabo."

Na ce, "Ka goge me? Ka goge gari uku?"

Kawu ya ɗaga mini hannu. "Wato yanka ke nan," in ji shi. "Illo, a zamaninmu likitan da ya hwara da wuƙa, mahauci muke ce mai." Ya miƙa masa karne.

Illo ya karɓa yana murmushi, amma da ya fara karantawa murmushin ya tafi. Ya dubi lambobin, ya dubi lokutan da aka rubuta. Ya ce, "Kai, Baba, ko a Maradi ba a kawo mini aiki a tsare haka. Da safe tana jimawa, da rana ba ta jimawa. Zafi ne." Ya kara kunne a jikin akwatin, ya sa hannu a bayansa inda iska ke fita. "Fankar ciki ba ta juyawa. Abu ne mai sauƙi. A buɗe, a duba, ba abin da zai taɓa sunayenku."

Na ce alhamdulillahi. Kawu ya ce, "Ba a buɗewa."

"Don me, Baba?"

"Garanti."

"Baba, wannan ai waɗanda suka ƙera ta ma sun manta da ita."

"To, yau Laraba. Ba a hiɗa ranar Laraba."

Inna Hassu daga tsakar gida ta ce, "Yaushe anka hwara wannan?"

"Yau."

Illo ya yi magiya, ya yi rantsuwa, ya ce ko sisi ba ya so. Kawu ya jawo kujerarsa ya zauna a gaban akwatin, ya harɗe hannuwa. Illo ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya fara mayar da kayansa cikin jaka.

Nan ne na fashe. Na ce, "Kawu, gobe Alhamis. Ka ji su da kunnenka ranar Lahadi. Ka ji Tabawa da mijinta ya rasu da kaka, baki bakwai. Ka ji makahon bayan masallaci. Yarana na lakwal rabinsu sun daina zuwa, waɗanda ke zuwa barci suke a kan tabur don ba abin da ke cikinsu. In na koma in ce musu me? In ce kawuna ya zaɓi akwati a kan mutane?" Ina faɗa ina kuka, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni.

Kawu ya sauke hannuwansa. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Can ya tashi ya leƙa waje, ya ce wa jikokinsa su tafi gidan maƙwabta su yi wasa. Ya saki labule, ya ja kujerar gefe.

"Buɗe, Illo."

Illo ya kwance ƙusoshi huɗu, ya zare murfin gefe. Wani abu ya faɗo kan tabur, tim. Safa ce. Safar Kawu, baƙa, an cika ta tam an ɗaure bakinta da zare. Illo ya sa hannu ya jawo wata. Ya jawo wata. Shida ya jera. Ta shidan ta fashe a dunduniya, ta kwanta a kan fankar, abin da ke cikinta ya tsiyaye ya cika ƴan fukafukan. Gero ne.

Illo ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Baba, shekara da shekaru ina wannan aiki. Na buɗe na ga ɓera, na buɗe na ga ƙadangare da ƙwansa. Yau ne na fara buɗe rumbu."

Inna Hassu ta ɗaga labule. "La ila! Ashe nan safar take! Wata biyu ina zargin akuyar maƙwabta, har mun daina gaisawa da matar!" Ta matso tana dariya, ta ɗebi geron a tafin hannu, ta duba. Sai dariyar ta tsaya. Ta mayar da shi cikin safar a hankali, ƙwaya ɗaya ba ta bari ta faɗi ba, ta fita.

Illo ya tsince fankar da ɗan tsinke, ya hure da famfon keke, ya ɗiga mata mai. Ya ce da Kawu ne kaɗai ke ɗan taɓa ta rabin awa a yini da ta yi ta lallaɓawa. Yinin Lahadi da ta yi tana aiki cikin zafi ne safar ta zame ta danne ta. Ya soka kuran. Fanka ta ɗauka, fir, iska ta fito. Allo ya tashi lafiya lau, ya tsaya. Ban ko dubi Kawu ba na soka kile, na kwashe. Shi ma bai ce rigakafi ba.

A zaure Kawu ya riƙe hannun Illo ya sa shi ya yi alkawari ba zai gaya wa kowa ba. Illo ya yi. Kafin magariba har masu sayar da tsire a tasha sun sani.

Da muka rage mu biyu a ɗakin, yana zaune yana ɗinke dunduniyar safar da ta fashe, na ce, "Kawu, iri ne?"

"Iri ne. Na gonar babanmu, mai saurin nuna. Shi kaɗai ya rage."

"Don yara ka ɓoye?"

"Yara mi sunka sani? Daga kaina na ɓoye." Ya ja zare da haƙori. "Da hwarko ƙarƙashin gado yake. Sau biyu ina ɗauko shi in kai bakin turmi, in na ji ƙaramin nan yana kuka. Sau biyu Allah na tsare ni. Na san na uku ba ni dawowa da shi. Sai na zuba shi nan, na ɗaure ƙusa, na aika wa Agali da turnabis ɗina na kwance ƙusa can Kona, na ce ko na zo da kaina ina roƙo kada ya ba ni sai ruwa ya sauka."

Agali kun san shi, makiyayin nan amininsa tun farin da ya kashe shanu suna samari. Mutum ne da in ka ba shi amana, kai kanka ba ka isa ka karɓe ta kafin lokaci ba.

Na ce, "To ai da ka gaya mini tun Litinin."

"Tun Litinin na sani. Ina ɗora hannu na sani. Ina ta roƙon Allah ya sa wani abu ne daban." Ya yi ɗan murmushi. "Har rediyon Hassu na ɗora wa laihi."

Sai a lokacin na tuna. Kwana huɗu ina gidan nan ana kawo mini tuwo a kwano, ni kaɗai a ɗaki. In na ce Inna zo mu ci, ta ce sun riga sun ci. In na ce Kawu fa, a ce ya ci a waje. Ni da karatuna, ina buga yunwar gari uku, ban ga ta gidan da nake kwana ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na juya ga allo, na gangara cikin sunayen garinmu tun daga gabas har yamma. Kawu a can aka rubuta shi tun asali, ƙarƙashin maigarinmu yake, amma sunansa babu. Maigari ya tsallake shi don nauyi: tsohon ma'aikaci, mai gida a Tasawa, mai ordinater, wa zai kira sunansa a gabansa cikin masu neman taimako? Shi kuma yana zaune a wurin ranar, yana ba su ruwa, bai ce uffan ba.

Na fara bugawa. Yana jin ƙarar maɓallan.

"Mi kike rubutawa?"

"Gyara nake, Kawu."

Ya ci gaba da ɗinki. Na buga sunansa da na mahaifinsa. Na tsaya a wurin da ake sa yawan mutanen gida.

"Baki nawa?"

Na ɗauka zai tashi ya zare igiyar kuran, don ya iya. Allura ta shiga ta fita sau uku ko huɗu. Bai ɗago ba.

"Takwas," ya ce. "Amma ki sa shi can ƙarshe, bayan Tabawa."

A ƙarshen na sa shi. Ranar Alhamis da hantsi na miƙa takardun. Maigarinmu ya zo sa hannu, aka karanta masa har layin ƙarshe, ya ji sunan, ya dube ni, ya dangwala yatsa. Garuruwan uku duka sun samu. Safa shida kuma ni na tafi da su, na kulle a kabad ɗin lakwal, makulli a wuyana, har ranar da ruwan shuka ya sauka. Da na kawo masa su gona sai da ya ƙirga, ya ɗaga kowace ya auna nauyinta a hannu, sannan ya ce mini sannu.

Ban taɓa gaya masa na gode da tuwon nan na kwana huɗu ba. Kullum ina cewa sai na sami bakin faɗa, har aka kira ni aka ce ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Laminu. Yadda ya rufa wa gidansa asiri a shekarar wuya, Allah ya rufa masa nasa, ya yafe masa, ya yafe mini muryar da na ɗaga masa. Allah ya ciyar da shi daga abin da ba ya ƙarewa. Amin.